Littafin aikin birkin Corvette ɗin Kawu

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau da hantsi muka yaye tamfol daga kan motar Kawu, wadda ta shafe shekara shida a tsaye a farfajiyar gidansa da ke kudancin Jidda, kuma abin da ido ya fara sauka a kai shi ne wani baƙin tabo a kan siminti, daidai ƙarƙashin tayar baya ta hagu. Motar Chevrolet Corvette ce ƙirar 1979, shekarar da kamfanin ya ƙera guda 53,807, adadin da ya fi na kowace shekara a tarihin wannan mota. Injinta mai silinda takwas, lita 5.7, bai ba mu wahala ba, domin da muka sa sabon batir muka canza fetur ya tashi a murɗawa ta huɗu. Amma da na ɗora ƙafa a kan fedar birki sai ta tafi har ƙasa ba tare da ta gamu da komai a hanya ba.

Na buɗe murfin masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka feda, wanda makanikan nan suke kira ulbar faramil. Ɗaki biyu gare ta, na gaba yana ciyar da tayoyin gaba, na baya kuma tayoyin baya, tsarin da Corvette ta koma kansa tun 1967 don kada yoyo a gefe guda ya raba direba da birki gaba ɗaya. Ɗakin baya ya bushe ƙaƙas, na gaba kuwa akwai saura, mai launin shayin da ya kwana a buta. Da na shafa bayan tayar hagu ta baya da yatsa sai na ji santsi, kuma fentin cikin wilin ya kumbura ya ɓare, wanda aikin man birki ne ba na wani mai ba.

Kawu, wanda ke zaune a kan kujera yana kallonmu, ya ce: "Ɗana, zuba mata mai kawai, a da ma haka take yi." Na ce masa: "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, man da aka zuba a da shi ne wannan da ke kan siminti." Burinsa shi ne ya hau Ɗa'if da motar ta hanyar Hada kafin sanyi ya wuce, kuma duk wanda ya san wannan gangara, wadda ke saukowa da mutum daga tsayin wajen mita 2,000 zuwa kwarin da ke kaiwa Makka cikin lanƙwasa bayan lanƙwasa, ya san ba wurin gwada birki mai yoyo ba ne. Mun tsaya a kan cewa za a ciro kalifofin duka huɗu, wato ƙarafan da ke matse faifan birki a kowace taya, ba wadda ke yoyo kaɗai ba.

Juma'a da Asabar, 11 da 12 ga Oktoba

Bayan sallar la'asar ranar Juma'a ni da ɗan yayata muka ɗaga motar muka ɗora ta a kan turakun ƙarfe huɗu, muka cire tayoyi. Na shimfiɗa tsofaffin barguna a jikin motar, saboda man birki yana cin fenti cikin ɗan lokaci, kuma gyaran fenti a jikin faiba irin na Corvette aiki ne na daban. Kusan duk ƙusoshin wannan ɓangare awon inci ne, don haka sifanonina na milimita ba su yi amfani ba, sai da na aro saitin inci. Notin bututun mai kuwa ba a kama shi da sifana mai buɗaɗɗen baki, sai da mai zagaye da aka tsaga gefenta, in ba haka ba kusurwoyinsa za su lalace ya koma kamar tsakuwa. Ƙurar da ke jikin kalifofin ban hure ta da iska ba, na jiƙa ta ne na goge, domin tsofaffin fad, wato takalman birki da ke gogar faifai, na wancan zamani sukan ƙunshi asbesto, wanda shaƙarsa ke cutar da huhu.

Wajibi ne in bayyana yadda wannan kalifa take, saboda duk matsalar daga ƙirarta ta taso. Tun 1965 Corvette ta fara amfani da birkin faifai a tayoyi huɗu, kuma tsarin bai canza ba har 1982. Kowace kalifa ɓari biyu ce na ƙarfen zubi da aka haɗa da manyan ƙusoshi, ba ta zamewa hagu ko dama, tana ɗauke da fistin huɗu na alminiyam, biyu a kowane gefen faifai, wato fistin goma sha shida a mota ɗaya. Faɗin ramin fistin na gaba inci 1.875 ne, kimanin milimita 47.6, na baya kuma inci 1.375, kimanin milimita 34.9, kuma idan aka lissafa faɗin fuskarsu za a ga gaba na ɗaukar wajen kashi 65 cikin ɗari na matsin.

A kalifar motocin yanzu, robar da ke tsare mai tana zaune ne a cikin wani tsagi a jikin ramin, fistin mai sulɓi yana zamewa a cikinta, saboda haka ko bangon ramin ya ɗan yi tsatsa ba lallai a ga yoyo ba. A wannan kuwa akasin haka ne. Robar tana jikin fistin, tana da leɓe siriri mai kallon ciki, kuma wannan leɓe shi ke gogar bangon ramin duk lokacin da aka taka birki, don haka bangon shi ne madogarar komai. A bayan kowane fistin akwai sifirin mai laushi da ke tura fad ya riƙa shafar faifai a hankali ko ba a taka birki ba. Tsari ne mai kama birki da kyau matuƙar bangon ramin yana da santsi, amma da zarar ya sami rami ko da kamar kan allura ne, mai zai bi ta nan.

Abin da ke kawo ramin shi ne ruwa. Man birki na yau da kullum, nau'in DOT 3 da DOT 4, yana zuƙar laima daga iska, ta murfin masta da ta jikin tiyon roba, kuma wanda ya zauna a Jidda ya san yadda laimar Bahar Maliya ke jiƙa gilashin mota da dare ko ba a yi ruwa ba. Idan mota ta daɗe a tsaye, gurɓataccen man yana kwanciya a ƙasan ramin yana cin ƙarfen, robar kuma tana sandarewa a wuri guda. Shekara shida na ajiya sun fi shekara ashirin na tuƙi yi wa wannan birki illa.

Zuwa magaribar Asabar kalifofi huɗu suna kan teburi, kowace a cikin kwalinta da na rubuta wa suna. Kan nonon cire iska ɗaya na kalifar dama ta baya ya ƙi motsi, na bar shi ya kwana cikin man sassauta tsatsa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kan nonon ya kwance bayan na gasa kewayensa da wuta kaɗan na ƙwanƙwasa shi, kuma na gode Allah da bai karye a ciki ba. Na raba ɓarorin, na ɓamɓare robobin ƙura, fistin suka fito da kansu saboda sifirin da ke bayansu, ban da guda uku da tsatsa ta riƙe, waɗanda sai da na tura su da iskar kwamfuresa bayan na tare gabansu da katako.

A nan na sami labari mai daɗi da marar daɗi. Kalifofin gaba an riga an yi musu aiki, wataƙila tun kafin motar ta baro Amurka, domin a bakin kowane rami ana ganin siririn zobe mai ƙyalli, alamar an faɗaɗa ramin an cusa masa bututun ƙarfe marar tsatsa, abin da ake kira jilba a nan. Wannan gyara ya zama sana'a a Amurka tun shekarun 1970 saboda yawan masu Corvette da ke kuka da yoyo. Ramukan gaba takwas ɗin suna nan sumul, datti kawai na wanke. Na baya kuwa ƙarfen zubi ne tsirara, kuma a cikin takwas ɗin, biyar suna da zanen tsatsa a ƙasansu, a daidai inda man ya kwanta. Na sa farce na bi ta kai, farcen yana maƙalewa a biyu daga cikinsu.

Wanka na yi musu da sifirit, ba da fetur ko dizal ba. Wannan kuskure ne da na sha gani a wuraren gyara, inda ake tsoma kayan birki a cikin kwanon dizal ɗin da ake wanke komai, alhali robar birki ba ta jituwa da duk wani mai da aka samu daga ɗanyen man fetur, tana kumbura ta yi laushi ko da ɗan kaɗan ne ya taɓa ta. Ko giris na yau da kullum bai kamata ya kusanci ramin ba.

Na yanke shawarar in gwada hanya mai sauƙi a kalifofin baya, wato in goge ramukan da dutsen gogewa mai ƙafa uku wanda ake ɗaurawa a injin huda, ina jiƙa shi da man birki, sannan in sa sababbin robobi. Raina bai kwanta da shawarar ba, amma jilba tana buƙatar kuɗi da lokaci, Kawu kuma kullum yana tambayar ranar da za a sauke motar. Bayan gogewa zanen ya dushe, sai dai ramuka biyun nan masu zurfi suna nan kamar tabon agana, kuma na san idan na ci gaba da ci ramin zai yi wa robar faɗi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Saitin robobi ya iso. Na haɗa kalifar hagu ta baya kaɗai don gwaji, na maƙala katako mai kaurin faifai tsakanin fistin, na ɗaura ta a bututunta, na toshe sauran bututun, na cire iska, na taka birki sau da yawa. Ba ta zubar da ko ɗigo ba. Na goge ta tas, na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinta, na ce wa ɗan yayata ya riƙa leƙawa kullum bayan ya dawo daga makaranta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ranar Laraba yaron ya aiko mini da hoto ta WhatsApp, ga ɗigo biyu a kan takarda. Yau na ɗaga robar ƙura ta fistin na ƙasa sai mai ya gangaro. Abin lura shi ne ba lokacin da ake taka birki take yoyo ba, domin a lokacin matsin man yana buɗe leɓen robar ya manne da bango. Sai an saki birki an bar ta, leɓen ya saki jiki, sannan man ke samun hanya ta cikin ramin tsatsar. Shi ya sa mai irin wannan mota zai yi yawo wuni guda lafiya, ya ajiye ta mako biyu, ya dawo ya tarar da tabo. Laifin nawa ne, na ga ramukan da idona kuma na ji su da farcena, na yi asarar saitin roba ɗaya da mako biyu.

Hanya uku ta rage. Ta farko ita ce neman tsofaffin kalifofi a tashalih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, amma ko an dace an samu, ba abin da zai hana su zama kamar namu ko su fi su lalacewa. Ta biyu ita ce sayo waɗanda aka riga aka sa wa jilba daga Amurka, sai dai ƙarfen zubi yana da nauyi, kuma masu sayarwa sukan ƙara kuɗi idan ba a mayar musu da tsofaffin ba, mayarwar kuma daga Jidda ta fi ƙarin tsada. Ta uku ita ce a yi jilbar a nan.

Na tafi Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, wurin wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe, Bahaushe ne haifaffen Makka wanda iyayensa suka zo aikin hajji ta Sudan a ƙasa, kuma ya fi shekara talatin yana wannan sana'a. Ya juya ɓarin kalifar a hannunsa, ya haska ramin da tocila, ya ce zai iya. Na roƙe shi abu uku, na ce: "Baba, faɗin ciki ya tsaya a inci 1.375 daidai, a huda ƙofar shigar mai a jikin jilbar a kuma goge bakinta kada ta yanki roba, sannan a ɗan karya kaifin bakin ramin." Ya yi murmushi ya ce na uku ɗin ko ban faɗa ba zai yi, amma na biyun ya ji daɗin da na tuna masa, domin ɓarin kalifa ba ya kama da silindar da ya saba yi wa jilba. Ya ce zai sassaƙa jilbar ta ɗara ramin kauri da ɗan abin da ido ba ya gani, ya sanyaya ta, ya ɗumama ɓarin, sannan ya danna ta da injin matsi tare da gam na riƙe ƙarfe.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ba a gama ba, domin ƙarfen da ya dace bai samu da wuri ba. Na yi amfani da ranar na canza tiyoyin roba huɗu, waɗanda suka tsattsage a waje, na hure bututun ƙarfe da iska har datti ya daina fita, na kuma ciro masta. Bayanta a jiƙe yake, alamar ita ma ta fara tsiyaya zuwa cikin tukunyar iska da ke taimaka wa ƙafa, don haka na sayi sabuwa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ɓarori huɗu sun dawo, ramuka takwas suna ƙyalli kamar cikin sabon kofin silba. Na auna kowane a wuri biyu, sama da ƙasa da kuma gefe da gefe, ban sami bambancin da ma'aunina ke iya nunawa ba. Na sake wanke su da sifirit, na bi hanyoyin mai da iska, saboda ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya tsage roba.

Akwai zaɓin da na daɗe ina juyawa a rai. Ana sayar da wasu fistin da aka canza wa tsagi don su ɗauki roba mai siffar zobe maimakon mai leɓe, kuma masu motocin da ke daɗewa a ajiye sun fi son su, domin zoben yana matse bango ko akwai matsin mai ko babu. Motar Kawu irin wadda za ta yi wata ba a taɓa ta ba ce, don haka a hankalce su suka dace da ita. Amma saitin mai leɓe yana hannuna na tayoyi huɗu, ban da wanda na ɓata na kuma sake saya, fistin na asali kuma goma sha uku suna da kyau, uku kawai na canza. Na tsaya a kan na asali, na kuma rubuta a nan cewa idan aka sake buɗe su wata rana, mai zobe za a sa.

Shigar da roba mai leɓe aiki ne na haƙuri. Ana ɗora sifirin, a shafe ramin da robar da sabon man birki, a daidaita fistin, sannan a bi kewayen leɓen da siririn ƙarfen awon tazara wanda ba shi da kaifi, ana cusa shi kaɗan kaɗan har ya shige gaba ɗaya. Leɓen yana kallon ciki ne kuma ya fi bakin ramin faɗi, don haka idan aka danna da ƙarfi zai naɗe ya juyo baya, kuma ba za a gane ba sai mai ya fara zuba. Na farko ya ci mini kusan minti ashirin, na goma sha shida bai kai minti uku ba. Bayan kowane ɗaya nakan danna fistin da babban yatsa in saki, in ga ya dawo da kansa ba tare da tsayawa ba. Robobin ƙura na buga su da bututu mai faɗin bakinsu har suka zauna daidai.

Tsakanin ɓari da ɓari akwai ƙananan zobban roba da ke tsare hanyar da mai ke bi ya tsallaka, kuma su ne abin da aka fi mantawa. Ƙusoshin haɗa ɓarorin na ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi, na gaba a kan 130 a ma'aunin Amurka, kimanin Nm 176 a ma'aunin mita, na baya a kan 60, kimanin Nm 81.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mun ɗaura kalifofin, ƙusoshin da ke riƙe su a jikin mota a kan 70, kimanin Nm 95. Fad sababbi muka sa duka, waɗanda ake kira fahmat a shagunan nan, domin wanda ya sha mai ba ya wankuwa. Sa su yana buƙatar hannu uku, saboda sifirin na turo fistin waje, sai an danne su da faffaɗan ƙarfe kafin fad ya shiga a zura masa sandarsa guda ɗaya. Na cire wa sabuwar masta iska a kan teburi kafin in ɗaura ta.

Mai na DOT 4 na zuba. Ƙa'idarsa ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, ko 155 bayan ya sha laima, alhali na DOT 3 digiri 205 ne da 140, kuma wannan tazara tana da amfani a gangarar Hada. Na yi tunanin DOT 5 na silikon, wanda ba ya zuƙar ruwa kuma ba ya cin fenti, amma ba ya gauraya da sauran, yana riƙe ƙananan kumfa, kuma duk wanda ya ƙara wa motar mai a gidan mai wata rana na yau da kullum zai zuba.

Kalifar baya kan nono biyu ake buɗewa, na ɓarin ciki da na ɓarin waje, ta gaba kuwa ɗaya. Muka fara da baya, yaron yana takawa a hankali ina buɗewa ina rufewa, ina kuma ƙwanƙwasa jikin kalifar da gudumar roba don kumfar da ta maƙale ta taso. Feda ta yi tauri a sama. Kawu ya zagaya unguwa sau biyu ya dawo yana dariya.

Asabar, 7 ga Disamba

Murnar ba ta daɗe ba. Jiya da safe, lokacin da tituna ba kowa, na kai motar har Ubhur na dawo, kuma kafin in iso gida feda ta fara nitsewa, sai na taka sau biyu take kamawa. Na duba ko'ina ba ɗigon mai, masta kuma a cike take. Da na buɗe kan nonon kalifar dama ta baya sai ga kumfa, sauran ukun kuwa mai zalla suke fitarwa. Na cire iskar, feda ta dawo, na sake yin tafiyar kilomita talatin, kumfa ta sake taruwa a wuri guda.

Iska tana shiga ba tare da mai ya fita ba, kuma a wannan mota sanannen dalili ɗaya ne ke kawo haka, wato faifai mai rawa. Tun da sifirin yana manne fad da faifai koyaushe, idan faifan yana karkacewa ko da kaɗan ne yayin juyawa, fistin zai riƙa shiga da fita sau ɗaya a kowane zagayen taya, sau ɗaruruwa a kowane kilomita. Leɓen robar an yi shi ne ya tare abin da ke son fita daga ciki, ba abin da ke son shiga daga waje ba, don haka sai ya zama kamar famfon keke, yana zuƙo iska kaɗan kaɗan yana tarawa a bayan fistin.

Na ɗaure faifan da notocin taya, na kafa agogon awo a kusa da bakinsa, na juya shi a hankali. Faifan faɗinsa inci 11.75 ne, kaurinsa yana sabo inci 1.25, kuma rawar da ake yarda da ita ba ta wuce inci 0.005 ba, kimanin milimita 0.13, kusan kaurin takarda. Na gaba biyu sun ba ni 0.002 da 0.003, na hagu na baya 0.004, na dama na baya kuwa 0.011. Wannan awo shi ya kamata in yi tun ranar 12 ga Oktoba, lokacin da faya-fayan suke tsirara a gabana.

Dalilin ya bayyana da na ciro faifan. Daga masana'anta, faifan baya a haɗe yake da sandar da ke juya taya ta hanyar ribiti, kuma a haɗe aka sassaƙe su don su daidaita. Na hagu yana nan da ribitinsa, amma na dama wani ya taɓa huda su ya cire faifan, mai yiwuwa don ya gyara birkin hannu da ke ɓoye a cikinsa, ya mayar ba tare da ya share fuskar da yake zama a kai ba. Tsatsa ta taru a gefe ɗaya har tana ɓarewa. Na kuma gwada wasan boris ta hanyar turawa da jawo sandar, na sami 0.003, wanda ke cikin iyakar da littafin motar ya bayar, daga 0.001 zuwa 0.008, saboda haka ba sai an taɓa boris ba, kuma wannan ya sauƙaƙa mini, domin boris ɗin bayan Corvette ba a buɗe shi sai da kayan aiki na musamman.

Asabar, 14 ga Disamba

Kai faifan wurin sassaƙa shi kaɗai ba zai magance komai ba, tun da karkatar daga mazauninsa take. Na kankare fuskar sandar da cikin faifan da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito fari, na mayar, awo ya sauko zuwa 0.007. A tayar gaba, idan an cire ribiti, mutum yana iya juya faifai a kan ƙusoshi biyar ɗin ya nemi inda ya fi daidaita, amma a baya dole ramin da ake saita birkin hannu ta cikinsa ya haɗu da na sandar, don haka ba ni da damar juyawa yadda nake so. Sai na sa alama a inda agogo ya nuna faifan ya fi nitsewa, na yanka siririn fallen ƙarfe mai kaurin 0.002, na huda shi, na zura a ƙusa mafi kusa da wurin, a bayan faifai. Gwaji na farko ya ba ni 0.005, na ƙara wani fallen a ƙusar da ke kusa da ita, ya koma 0.003. Na sa alamar fenti a faifan da sandar don wanda zai buɗe nan gaba.

Na sake cire iska a tayoyi huɗu, na yi tafiya, sannan na zaunar da sababbin fad ta hanyar rage gudu daga kilomita 80 zuwa 20 sau takwas a jere ba tare da tsayawa cak ba, na bar su suka huce ina tafiya.

Juma'a, 20 ga Disamba

Tun ranar Asabar motar ta yi kilomita 190, feda tana nan a inda na bar ta, kuma da na buɗe kan nonon dama na baya yau da safe ba kumfa ko ɗaya. Farar takardar da ke ƙarƙashin kowace taya ta kwana shida ba tabo. Na rubuta ranar zuba man a jikin wata takarda na manna a cikin bonet, tare da cewa a canza shi bayan shekara biyu ko an yi tafiya ko ba a yi ba, na kuma roƙi Kawu ya riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako, ya ce zai riƙa zuwa masallacin Juma'a da ita.

Birkin hannu har yanzu ba ya riƙe motar a kan gangaren ƙofar gida, kuma ba za ta wuce fahas ba a haka, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, fahas ɗin kuma sai da shi za a sabunta istimara, takardar rajistar mota. Gobe zan cire tayoyin baya in saita shi ta ramin faifai, in duba wayarsa ko ta miƙe. Zancen Ɗa'if mun ajiye shi sai takardun sun fito.